Daga Lorient Zuwa Les Sables-d'Olonne, Wajen Jiragen Mutum Ɗaya

A farkon Nuwamban 2024 aiki ya kai ni Nantes, a yammacin Faransa, na sauka wajen wani abokina ɗan Damagaram da ya daɗe a garin. Duk inda muka bi, tashar jirgin ƙasa ko shagon burodi, zance ɗaya ake yi: Vendée Globe. Tsere ne na duk bayan shekara huɗu. Mutum ɗaya tilo ke shiga jirgin ruwa mai ƙyallen da iska ke turawa, ya zagaye duniya ba tsayawa, ba mai miƙa masa ko ƙusa, ya dawo inda ya tashi. Tafiyar kusan kilomita 45,000 ce, ta ƙasan Afirka, ta kudancin Ostireliya, ta Cape Horn.

Abokina ya ce, "Malam, idan jiragen kake son ganewa, Lorient za mu fara zuwa. Can ne gidansu."

A bakin ruwan Lorient akwai wasu ƙattin gine-ginen kankare da Jamusawa suka yi wa jiragensu na ƙarƙashin ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bama-bamai sun ragargaza garin, su kuwa ko gezau. Yau a gefensu ƙungiyoyin tsere suka kafa rumfuna, amma mun tarar da yawanci wayam, jiragen duk sun tafi wurin tashi. Sai muka shiga gidan tarihin da aka sa wa sunan Éric Tabarly, hafsan sojan ruwan da ya jawo Faransawa cikin wannan harka. A 1960 Francis Chichester, mutumin Ingila, ya ci tseren farko na ƙetare Tekun Atlantika shi kaɗai cikin kwana 40. Bayan shekara huɗu Tabarly ya zo da Pen Duick II, jirgi mara nauyi da aka ƙera musamman don tseren, ya yi tafiyar cikin kwana 27. Na'urar da ke riƙe masa tuƙi ta lalace a hanya, saboda haka barci sai ɓarawo. A nan na fara gane cewa babbar matsalar jirgin mutum ɗaya ita ce barci. Ko wane gwani ne, dole idonsa ya rufe, jirgi kuwa ba ya tsayawa ya jira shi.

Daga nan muka gangara kudu zuwa Les Sables-d'Olonne, ƙaramin garin masunta da 'yan hutu. Mun sha layi kafin a bar mu mu taka gadar da ke yawo bisa ruwa a tashar Port Olona, ga sanyi ga yayyafi. Jirage 40 ne jere, dukkansu na ajin IMOCA. Tsawon kowanne mita 18.28, sandar da ke ɗauke da ƙyallaye ta kai wajen mita 29 a sama, nauyinsa kuwa tan 8 zuwa 9 kacal. Da zaren kabon ake yin gangar jirgin, a shimfiɗa shi ninki bisa ninki cikin zubi, a sa kumfa mai tauri a tsakiya, sannan a gasa a ƙaton tanda.

Na leƙa cikin ruwa kusa da gadar, sai na hango wani abu mai launin ruwan lemo, rau, a ƙarƙashin jirgi. Wani dattijo cikin masu kula da layi ya ce ƙafar jirgin ce. Doguwa ce, tana nutsawa har mita 4.5, da dunƙulen darma a ƙarshenta, kuma ana iya karkata ta dama ko hagu don ta danne jirgin idan iska na neman kwantar da shi. Launin kuwa ba ado ba ne. An shafa shi ne don idan jirgi ya kife, masu ceto su hango shi daga sama.

Wannan ƙa'ida da jini aka same ta. A tseren 1996 zuwa 1997, jiragen faffaɗa ne, sama shafe, idan suka kife ba sa juyowa. Raphaël Dinelli ya kife a tekun kudu, sai da Pete Goss ya juyo da jirginsa, ya yi gaba da gaba da guguwa ya tsamo shi. Tony Bullimore ƙafar jirginsa ta karye, ya yi kwanaki cikin gangar da ta kife, cikin duhu da ruwan sanyi, har sojojin ruwan Ostireliya suka iso. Su ne kuma suka ceci Thierry Dubois. Gerry Roufs, mutumin Kanada, ba a sake ganinsa ba. Bayan wannan shekarar aka wajabta wa kowane jirgi ya nuna zai iya juyowa idan ya kife, aka kuma sa ƙofar tsira a bayansa. Da na ji haka sai na daina kallon launuka da sunayen kamfanoni, na koma kallon sassan jirgin ɗaya ɗaya, don kusan kowanne akwai hatsarin da ya haife shi.

Abin da ya fi jan ido shi ne fukafukai. Yawancin jiragen suna da lanƙwasassun fukafukai biyu da ke fita daga haƙarƙarinsu, a tasha an janye su sama. A tseren 2016 suka fara bayyana. Idan jirgi ya ɗauki gudu, fiffiken da ke cikin ruwa sai ya ɗaga gangar, ruwa ya rage riƙe ta. Sakamakon a lissafin kwanaki yake. Robin Knox-Johnston, wanda ya fara zagaye duniya shi kaɗai ba tsayawa, kwana 312 ya yi a 1968 zuwa 1969 cikin Suhaili, jirgin katako da aka ƙera a Bombay. A wani tsere ne daban, su tara suka tashi, shi kaɗai ya kammala. Titouan Lamazou ya ci Vendée Globe ta farko, wadda aka fara a 1989, cikin kwana 109. Armel Le Cléac'h da fukafukai ya yi 74.

To amma jirgin da ya tashi sama dole ya faɗo. Ƙa'ida ta hana sa fiffike a wutsiya, saboda haka goshi ne ke ɗagawa, ya yi tsalle daga wannan igiyar ruwa ya daki waccan. Na tsaya gaban MACIF, jirgin Charlie Dalin, wanda Guillaume Verdier ya zana. Wurin zaman matuƙi a rufe yake ruf, sai ƙananan tagogi. Ba wanda zai zauna waje ruwa na dukansa da irin wannan gudu. Yana ciki, sau da yawa da hular kwano, yana rarrafe daga kujera zuwa na'urar naɗe igiya, na'ura ce ke tuƙi kusan koyaushe. Ƙarar ciki kamar an sa mutum cikin tankin ƙarfe ana ta jibga. Barci na mintoci ne, abinci busasshe da ake zuba wa ruwan zafi, ruwan sha daga teku ake tacewa, bayan gida kuwa bokiti. Duk lokacin da ya sauya gefen da iska ke bugowa, sai ya ja buhunan ƙyallaye da kaya zuwa ɗaya ɓangaren da hannunsa. Injiniyoyi sun magance matsalar barcin da ta dami Tabarly, sai suka ƙera jirgin da ba ya barin mutum ya yi barcin. A ganina yanzu jikin matuƙi ne sashen da ya fi rauni a jirgin, kuma shi ne ba a iya sauyawa da kabon.

Shi ya sa na daɗe gaban jirgin Jean Le Cam, mai shekara 65, dattijon tseren. Sabon jirgi ya sa aka ƙera masa, amma ya ƙi fukafukai. Ya san abin da ya gani. A 30 ga Nuwamban 2020, kudu maso yamma da Afirka ta Kudu, jirgin Kevin Escoffier mai fukafukai ya dare gida biyu, mai shi ya faɗa ƙaramin kwalekwalen ceto. Le Cam ne ya yi ta nemansa cikin dare har ya same shi. Jama'a sun fi yin cincirindo a wajensa fiye da wajen wasu da ake sa ran za su ci.

Ranar 10 ga Nuwamba tun kafin asuba muka nemi wurin tsayawa a bakin mashigin da ya haɗa tasha da teku. Mutane maƙil a gaɓa biyu, wasu da bargo, wasu da ƙaho. Jiragen suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, matuƙi tsaye a goshi yana ɗaga hannu, wasu hawaye shaɓe-shaɓe. Ƙarfe 1:02 na rana aka ba su izinin tashi, sai iska ta yi ƙememe ta ƙi zuwa. Jiragen da aka ƙera don tashi sama suka yi ta jan ciki a gaban idon dubban mutane. Abokina ya ce, "Malam, wai su ne za su zagaye duniya?"

Sauran a waya na bi shi bayan na koma gida. Sébastien Simon ya yi mil 615 na teku cikin awa 24, daga baya fiffikensa ɗaya ya karye a Tekun Indiya, duk da haka ya zo na uku. Dalin ya shigo ranar 14 ga Janairun 2025, kwana 64 da awa 19, Yoann Richomme na biye da shi. Le Cam ya iso wajen mako uku bayansu. Violette Dorange, 'yar shekara 23, mafi ƙanƙanta a cikinsu, ta kammala cikin kwana 90, a tsohon jirgin da Le Cam ya tsamo Escoffier da shi.