Kwana tara ina gadin giginya saboda shaho ɗaya

1/ Tun da na saka hoton tsuntsun nan jiya ake ta tambayata a ina na ɗauka. Zan ba ku labarin yadda aka yi, amma sunan garin kam ku yi haƙuri, ba zan faɗa ba. Ku biyo ni za ku ga dalili. 🧵

2/ Wani ɗan ƙaramin shaho ne, bai fi tantabara girma ba. Kansa da ƙeyarsa ja, bayansa ruwan toka, ƙafafu rawaya, cikinsa da zane-zane baƙaƙe a gicciye. A littattafan tsuntsaye Falco chicquera ake ce masa, akwai irinsa har Indiya. A ƙauyen kakata kuwa shaho ne kawai. Ni na laƙaba masa shahon giginya, don a ƙasarmu inda giginya take nan yake.

3/ Ba ya gina sheƙa. Tsohuwar sheƙar hankaka yake gajewa, ko ya samu lungu a gindin ganyen giginya can ƙololuwa. Kuma da rana tsaka ba ka da labarinsa, yana cikin ganye ya yi lamo. Farautarsa da sassafe ce, sai kuma dab da magariba.

4/ A nan matsalar take. Lokacin da yake fita shi ne lokacin da babu haske. Tsuntsu mai gudu irin wannan, in kyamara ba ta ƙyafta a kamar 1/2000 na daƙiƙa ba, inuwa kawai za ka samu. In ka ƙara sauri hoto ya yi duhu. In ka ɗaga ISO ya yi yashi-yashi kamar tsohuwar talabijin. Kyamarar ma ta aro ce, madubinta 300mm, mai ita kullum sai ya kira ya ji lafiyarta kafin ya tambayi tawa 😂

5/ Ranar farko ban ma kai ga tsuntsu ba. Mutum baƙo ya tsugunna a bayan gari da asuba riƙe da dogon baƙin abu, a wannan zamanin? Kafin rana ta fito matasa huɗu sun tsaya a kaina da gora. Laifina ne wallahi. Sai da kawuna ya kai ni wajen mai unguwa, na zube na ce ranka ya daɗe tsuntsu na zo ɗauka. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, to Allah ya ba da sa'a.

6/ Rana ta biyu zuwa ta biyar: hoton ganye, hoton sama, hoton wutsiya rabi.

7/ Amma a kwanakin nan ne na fara fahimtarsu. Ashe su biyu ne, kuma macen ta fi namijin girma, haka yawancin shaho suke. Tare suke farauta. Ɗaya zai taho ƙasa-ƙasa kamar zai shafi kan karan dawa, ya tarwatsa garken jan baki, ɗayan yana gefe yana jiran wanda ya ware. Ba sa shawagi a sama irin na shirwa. Kafin ka ɗaga kyamara an gama. Da magariba har jemage na ga sun bi.

8/ Rana ta shida wani yaro da ke bina kullum, ɗan shekara kamar goma sha biyu, ya gaji da ganin wahalata. Ya ce, "Yaya, in harbo maka shi da danƙo ka ɗauka a hannu mana?" Da na ce a'a, sai ya ce to yayansa na iya hawa, akwai 'ya'ya a sama, a sauko min da su, dubu biyu.

9/ Gaskiya zan faɗa: na yi shiru na ɗan lokaci. Kwana biyu suka rage a hutuna, mai kyamara na jira, ba ni da hoto ko ɗaya. Raina ya ce ai ɗauka kawai za ka yi a mayar. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kafin zuwana babu wanda ya damu da sheƙar nan. Ni na yi kwana shida ina nuna ta da dogon madubi har ta yi farashi.

10/ Na ba shi kyamarar ya leƙa. Ya ga uwar tana yagar nama tana ba su. Ya ce, "Kai! Idonta fa!" Daga ranar ya zama mai gadi, shi ke korar sauran yaran. Na ƙara kwana uku a kan hutuna, a wajen aiki na sha faɗa, ba sai na ba ku wannan ba.

11/ Rana ta tara, bakwai saura, namijin ya dawo da kurciya ƙarama ya sauka a busasshen reshe da na riga na saita tun da duhu. Daƙiƙa kamar huɗu ya yi. Na danna sau goma sha ɗaya, ɗaya ce ta fito. Ita kuka gani. Masu cewa akwai yashi a hoton, na sani, na gode.

12/ Masu neman sunan gari, ciki har da mutum biyu da suka shigo min ta saƙo suna tambayar ko ana sayar da 'ya'yan: duk wanda ya san ɓangaren 'yan magani a manyan kasuwanninmu ya san yadda aka yi da ungulu. Ba da ni ba.

13/ Da zan taho na ga giginya uku a kwance a bakin fadamar, an faskare su azara. Itacenta gara ba ta cika ci ba, shi ya sa ake sonta a rufin ɗaki, kuma kafin muruci ya zama doguwar giginya irin wadda shaho zai zauna, yaron nan ya yi aure. Tasu tana nan tsaye tukuna. Kawu ya ce zai yi wa mai gonar magana. Ranar Juma'a zan kira in ji.