Ƙwaryar Doyar 'Yan Aji Shida

Akwai wani tsohon malamin firamare a Lafiya wanda har yau yake ajiye da wani littafin rubutu, takardunsa duk sun yi ja don tsufa. Babu kome a ciki sai layukan lissafi da rubutun yara. Amma in aka tambaye shi abin da ya fi alfahari da shi a aikin koyarwa, shi yakan ɗauko.

Ya kama aiki ne bayan da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, a 1976, sa'ad da Lafiya take cikin Jihar Filato. Da aka ba shi aji shida, sai ya tarar yaran suna rera "biyu sau biyu huɗu" kamar waƙa, amma in aka sa su lissafin cinikin kasuwa sai ido ya raina fata. Ga shi kuwa ya san da yawansu daga wannan aji sun yi sallama da boko ke nan.

To, Lafiya garin doya ce. Da kaka takan yi araha, da bazara ta yi tsada. Sai Malam ya jefa wa ajin tambaya guda: in an sayi doya da kaka aka ajiye har bazara, riba za a ci ko faɗuwa za a yi? Ya ce ba zai ba su amsa ba, su za su nemo ta.

Da kuɗin tsintsiya da tabarmin da suka yi a darasin aikin hannu aka sayi ƙwarya guda, wato doya ɗari. Suka kafa rumfar zana a inuwa inda iska ke ratsawa. Aka kasa su kashi-kashi: masu awo, masu rubutu, masu dubawa, da masu zuwa kasuwa jin farashi. Wasiƙar aron ma'auni ma su suka rubuta wa hedimasta da Turanci, sai da aka mayar musu da ita sau uku kafin ta gyaru.

Ba a daɗe ba sai ga wani falken doya, uban yaron da ke riƙe da littafin, ya zo fuska a murtuke.

"Malam, na kawo ɗana ya yi boko ne ya zama akawu. In tsaron doya ne, ai ina da ita a gida."

"Gaskiyarka, Alhaji," in ji Malam. "Amma ka yi mini haƙuri zuwa bazara. In bai ƙaru da kome ba, laifina ne."

Malam ya kwana da maganar nan a ransa, gama jarrabawar shiga sakandare na tafe, kuma da ita ake auna malami.

Kowace Juma'a aka riƙa awo. Yaran suka gano da kansu cewa doyar da fartanya ta ji wa rauni ita ke fara ruɓewa, kuma takan shafa wa maƙwabciyarta. Suka ga ko lafiyayyar ma nauyinta raguwa yake yi in zafi ya shigo, balle in ta fara tsiro ba a karye shi ba. Daga nan lissafin kashi cikin ɗari, wanda dā yake gagararsu a allo, ya zama abin gardama a gindin rumfa.

Da bazara aka kai sauran kasuwa. Dillali ya taya, yaron nan ya duba littafinsa, ya cire kuɗin zana da na dako da asarar ruɓa, ya ce albarka. Sai da aka ƙara kana ya sallama. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma kowa a ajin ya san inda kowane kwabo ya fito.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ta haɗa karatu da sana'ar hannu, Shugaba Nyerere na Tanzaniya kuma ya yi kiran ilmin dogaro da kai a 1967. Sai dai a lura, tura yara noma a gonar wani malami bauta ce kawai. Aikin da ke koyarwa shi ne wanda ya fara da tambaya, aka bi shi da awo da rubutu, amsar kuma ta zama ta yaran.

Waɗansu sun ci jarrabawa, waɗansu ba su ci ba, cikinsu har da yaron nan. Malam ya zaci Alhaji zai zo da faɗa. Ya zo kuwa, amma da doya biyar a hannun yaro, ya ce, "Malam, shekara talatin ina wannan fatauci, ban taɓa sanin abin da ruɓa ke ci mini ba sai da ya zauna ya lissafa."

Yaron ya gāji sana'ar ubansa. Littafin kuwa Malam ya roƙa aka bar masa.