Ƙusar da na karya

Da Malam ya ce kowa ya rubuta abin da ya koya a bana, abokaina da yawa sun ɗauki nahawu ko tajwidi. Ni kuwa zan ba ku labarin wata ƙusa da ba ta kai tsawon yatsana ba, amma ta hana ni barci dare guda cur.

'Yan ajinmu sun san ranar Alhamis da Juma'a, da ba mu da karatu, garejin kawuna nake zuwa. Shi fita ne, gyaran mota yake tun ba a haife ni ba. Yaran gareji suna ce masa Masta, ni kuma Kawu nake ce masa, shi kuma in zai tsokane ni sai ya ce "Malam ƙarami".

Wata Alhamis a lokacin albasa, wani dattijo ya kawo tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya. Irin motar nan tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga baya aka yi ta harhaɗa ta a Kaduna. Da ita dattijon ke kwaso albasa daga ƙauyukan Binduri zuwa kasuwar Bawku, kuma washegari kasuwa za ta ci. Motar tana wata ƙara "fat-fat-fat" daga gaba. Kawu ya saurara kaɗan ya ce gasket ɗin manifol ne ya ƙone, wato abin da ke toshe tsakanin kan inji da bututun da ke kai hayaƙi salansa.

Abin da ke riƙe manifol ɗin wasu ƙusoshi ne marasa kai, masu haƙora gaba da baya. Gefe ɗaya a ɗaure yake cikin kan inji, ɗaya gefen kuma a nan ake sa noti. Fitoci suna ce musu sitod. Kawu ya ce min: "Zuba musu man birki ka bar su su sha. Kar ka taɓa sai na dawo." Ya tafi neman gasket.

Na zuba man, na jira kamar minti goma. Sai zuciya ta ce min ai ni ma na iya. Na ɗauki sifana, notin farko ya kwance, na biyu ma haka, har kaina ya fara girma. Da na zo kan na ƙarshe, can baya inda hannu ba ya shiga sosai, sai ya ƙi. Na ja, ya ƙi. Na samo guntun fayif na zura a sifanar don ƙarin ƙarfi, na danna da duk nauyina. Sai na ji abin ya yi laushi, na ɗauka ya kwance ke nan. Ashe ƙarfen ne ke murɗewa. "Ƙas!" Noti da rabin ƙusa suka faɗo ƙasa, sauran rabin ya maƙale cikin kan inji, ɗan tsinin da ya leƙo bai fi ƙwayar masara ba.

Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun mutu. Na san in kan injin ya lalace, ba a nan za a samu wani da sauƙi ba, wataƙila sai an aika Suame Magazin a Kumasi, a bi ta Bolga da Tamale da Techiman, a jira kwanaki, ga kuɗin da ba ni da ko kashi ɗaya cikin goma.

Wani babban yaron gareji ya duba ya ce: "Kai, mi ne ne abin tsoro? Kawo in manna notin da gam, a ɗaure sauran da ƙarfi. Wa zai leƙa can baya? Kafin ta fara ƙara ya yi sati biyu, sai a ce tsufa ne." Ba zan ɓoye muku ba, na kusa yarda. Har na ɗauki notin na goge shi da tsumma.

Abu biyu suka tsayar da ni. Na farko, Kawu ya sha gaya mana hayaƙin da ke yoyo daga nan yana shiga inda direba yake, yana sa jiri da barci, ga hanyar Bolga da manyan lori. Na biyu, a satin nan muka karanta a Risala cewa mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka bar masa. A aji na ba da amsa daidai har Malam ya yaba min. Yanzu ga mas'alar a tafin hannuna, da baƙin mai.

Da Kawu ya dawo na miƙa masa guntun ƙusar, ban iya cewa komai ba sai: "Kawu, ni ne na karya." Ya daɗe yana kallona. Na fi son a ce mari ya yi min. Ya ce: "Mi na ce maka?" Na ce: "Ka ce kar in taɓa." Ya ce: "To. Kai ka karya, da kai za a cire. Je ka kira mai walda."

A nan na ga aiki. Da farko ya cire kan batir, ya rufe bututun fetur da jiƙaƙƙen tsumma. Ya bayyana min cewa kan injin alminiyam ne, ƙusar kuma ƙarfe. In suka daɗe tare cikin zafi da sanyi da ruwan damina, sai tsatsa ta haɗe su kamar abu ɗaya. Amma da zafi alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa, kusan ninki biyu, kuma waldar ƙarfe ba ta kama shi. Saboda haka aka ɗora wasa a kan ɗan tsinin aka yi walda, aka ɗora noti a kan wasan aka cika cikinsa da walda har ya yi ja. Na kai hannu ga sifana, Kawu ya buge hannun. "Bari ya huce. Saurin nan naka ne ya kawo mu nan."

Da ya huce muka gwada, notin ya ɓalle. Aka sake na biyu, shi ma ya ɓalle. Na ce ko a huda da injin huda kawai? Kawu ya ce wannan shi ne na ƙarshe, domin alminiyam ya fi ƙusar taushi, in bakin injin ya zame kaɗan, kan injin zai ci ya bar ƙusar. Kafin mu yi na uku yamma ta yi, lokacin kuma ana dokar hana fita da dare, dole kowa ya nemi gida. Muka jiƙa ta da mai muka tafi.

Dattijon ya zo ɗaukar motarsa kafin mu rufe. Na zaci Kawu zai ce tsatsa ce. Sai ya ce: "Baba, yarona ya karya maka ƙusa, laifinmu ne. Kuɗin aiki mun yafe." Dattijon ya yi shiru, ya ce albasarsa na can a buhu, sai dai ya ɗauki hayar Motor King gobe. Bai zage ni ba. Wannan ne ya hana ni barci.

Da safe, tun kafin a fara shirin masallaci, aka yi walda ta uku. Kawu ya ƙwanƙwasa kan notin da ƙaramar guduma, sannan ya ba ni ƙaramar sifana, ba fayif. Ya ce: "Kaɗan hagu, kaɗan dama. Ka saurare ta da hannunka." Na yi ta yi, ina ɗiga mai. Can sai na ji "ƙiii", ta motsa kamar faɗin gashi. Na ci gaba, gaba da baya, har ta fito gaba ɗaya, haƙoran ramin lafiya lau. Kawu ya ce: "Malam ƙarami, ka ga mai haƙuri shi ke dafa dutse." Kuɗin mai walda kuwa daga kuɗin abincina na sati biyu aka cire, kuma ban yi gardama ba.

'Yan uwana ɗalibai, na gane karatun da muke yi ba a kan tabarma ake jarraba shi ba, sai ranar da ka yi ɓarna kuma babu wanda ya gan ka. Guntun ƙusar yana nan cikin jakar littattafaina, duk mai son gani ya same ni bayan darasi. Dattijon har yanzu wurinmu yake kawo motarsa, kuma in ya zo yakan ce a kira masa yaron nan da ya karya ƙusa.