Abin da Manomi Yake Biya

Na daɗe ina ganin cewa babu hajar da muke saye a kasuwa ba tare da mun san ainihin abin da muke biya ba kamar takin zamani. Ni ɗan manoma ne, a cikin masara da dawa na tashi, kuma kowace damina nakan ji ana muhawara kan farashin buhun yuriya kamar yadda ake muhawara kan ruwan sama. Ana zagin dillalai, ana zagin gwamnati, amma ban taɓa jin an ambaci sunan sinadarin da ke yanke wannan farashi ba, wato haidirojin.

Abin da shuka ke nema a cikin yuriya shi ne naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar. Shi kuwa naitirojin kyauta ne, domin kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne. Yana shawagi a kan kowace gona, amma masara ba ta iya cin sa a haka, saboda ƙwayoyinsa biyu-biyu suke a ƙulle, ƙulli mai wuyar kwancewa. Sai an raba su, an haɗa kowace ɗaya da ƙwayoyin haidirojin uku, sannan a samu amoniya, uwar takin naitirojin duka. Wannan aiki ne ƙananan halittun da ke saiwar wake da gyaɗa da gawo suke yi a ɓoye, shi ya sa kakanninmu ba sa sare gawo a gona, ko da yake ba su san sunan sinadarin ba.

Ɗan Adam bai iya kwaikwayon wannan aiki ba sai a 1909, lokacin da Bajamushen nan Fritz Haber ya haɗa amoniya a ɗakin gwajinsa da ke Karlsruhe. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da gwajin masana'anta a Oppau a 1913. Dabarar tana buƙatar zafin da ya haura digiri 400, da matsi mai tsanani, da ƙarfe mai gaggauta haɗuwar. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da abincin da wannan taki ya nomar suke rayuwa.

Na zauna na yi lissafin buhu ɗaya. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kafin a kamo waɗannan kilo 23 daga iska, sai an kashe kimanin kilo 5 na haidirojin. Nauyin bai taka kara ya karya ba, amma a nan tsadar take, domin haidirojin ba ya zama shi kaɗai a doron ƙasa, kullum yana manne da wani abu. Yawancin masana'antu daga iskar gas suke fizgo shi, ta hanyar gauraya ta da tururi mai zafi. Saboda haka manomin da ya sayi yuriya a kasuwar ƙauye, gas ya saya a cikin farin buhu.

Ruwa ba ya tsami banza. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin gas, masana'antun amoniya da dama a Turai suka rage aiki ko suka rufe, taki ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Na ga maƙwabtanmu sun bar masara sun koma gero da waken suya, waɗanda ba su da cin taki sosai. A shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar Dangote a Lekki, mai iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ga ta Indorama a Eleme tana aiki. Muna da gas har muna ƙona shi a banza a yankin Neja Delta, amma buhun da aka ɗinka a gida farashin kasuwar duniya yake bi.

Akwai wata hanyar samun haidirojin, kuma ba sabuwa ba ce: a raba ruwa da wutar lantarki. Ƙasar Norway ta yi haka a Rjukan tun ƙarshen shekarun 1920, Masar ta yi a Aswan, Zimbabwe ta yi a Kwekwe da wutar madatsar Kariba. Arahar gas ce ta kashe wa wannan hanya kasuwa. Haidirojin ɗin buhu ɗaya yana cikin lita 45 na ruwa, bai cika jarka biyu ba. Abin da ke da nauyi shi ne wutar, kuma ranar da ke ƙona mana keya a Arewa wuta ce da ba mu tara ba tukuna.

Ba na cewa abin mai sauƙi ne. Injinan suna da tsada, rana tana faɗuwa alhali masana'anta ba ta son tsayawa, kuma yuriya tana buƙatar iskar kabon da gas ke bayarwa a sauƙaƙe. Amma a Abuja, a 2006, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta, kuma yawancin ƙasashen ba su kai ba. Ina ganin tallafi da rabon buhuna ba za su cika wannan alkawari ba muddin ba mu tambayi inda haidirojin ɗinmu zai fito, da wanda zai sa masa farashi ba.