Kwana 21 ɗin da doka ta ba mai gona

Tun da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a shekarar 2021, duk inda na zauna hirar ba ta wuce kuɗin kwangila da ranar da jirgi zai fara tashi. Ba kasafai ake tambayar ta wace hanya hukuma ta samu ikon ratsa gonakin mutanen Kazaure da Daura da Jibiya ba, alhali nan ne maganar ta shafi talaka.

Dokoki biyu ne ginshiƙin al'amarin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon soke mallakar mutum idan maslahar jama'a ta buƙaci haka. Diyyar da ta tanada ta abin da ke bisa ƙasar ce, wato gini da amfanin gona da itatuwa. Gonar da aka gada tun kaka da kakanni, in an same ta da rani babu shuka, kusan ba ta da farashi a idon wannan doka. Ni dai ban taɓa gamsuwa da wannan lissafi ba.

Ta biyun ita ce dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda ta wajabta a yi bincike kafin a fara babban aiki. A tsarin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ana baje rahoton binciken na kwana 21 na aiki, domin duk mai ƙorafi ya rubuto. Na taɓa zuwa sakatariyar wata ƙaramar hukuma don duba irin wannan rahoto na wani aiki daban. Kundi ne mai kauri, da Turancin injiniyoyi, ajiye a ofishin da manomi ba ya shiga sai an kira shi. Sanarwar ma a jaridar Turanci ta fito.

An cika sharaɗin doka, babu musu. Sai dai wanda za a raba da gonarsa yakan fara sanin halin da ake ciki ne ran da ya ga masu awo suna kafa turaku. Da za a karanta taƙaitaccen rahoton da Hausa a rediyo, a kuma maimaita shi a ƙofar dagaci ranar kasuwa, da mai gona ya san inda layin zai bi tun yana da sauran damar yin magana.