Harhaɗa Firefox a Magarya

Tun 1998, lokacin da kamfanin Netscape ya buɗe asalin rubutun manhajarsa ga kowa, duk mai kwamfuta da haƙuri zai iya sauko da shi ya harhaɗa wa kansa manhajar shiga intanet. Firefox jikar wannan aiki ce. Nakan yi hakan a nan Magarya don in ga gyaran da ke tafe kafin ya iso wayoyin jama'a.

Aikin ba ya son gaggawa. Sauko da rubutun kaɗai yakan lashe kuɗin data ba kaɗan ba. Daga nan sai in ba da umarni in koma gefe, fankar kwamfuta na ta hura iska mai zafi, ni kuma ina fatan kada a ɗauke wuta.

Idan manhajar ta harhaɗu, yadda take nuna Ajami nake dubawa. Boko ya samu sauƙi, ɓ da ɗ da ƙ, har ƴ ɗinmu na Nijar, sukan fito daidai a yawancin wayoyi. Ajami kuwa da sauran aiki. Sai a 2016 Unicode ta shigar da fa da ƙaf irin na Warshu, waɗanda almajiran Dungas ke rubutawa a allo: fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. A 2020 aka ƙara wasu haruffan Hausa. To amma ba harafi lamba daban, zana shi daban. A cikin Firefox, manhajar HarfBuzz ce ke haɗa baƙaƙe ta ɗora wasula, kuma idan salon rubutun da ke cikin wayar bai san harafin ba, akwati fanko ke fitowa. Ɗigon imala nake fara nema, domin a ganina nan ne aka fi yin tuntuɓe.