Yadda Kwamfuta Ta Koyi Yi Wa Makafi Karatu

A garuruwanmu, da zarar an ambaci makaho, abin da kan faɗo wa mutane a rai shi ne sanda da ƙoƙon bara da ɗan jagora. Ba safai wani kan kawo a ransa cewa makaho na iya zama akawu, ko lauya, ko malamin lissafi ba. Dalili kuwa a fili yake, domin duk waɗannan ayyuka ne na karatu da rubutu, karatu kuwa an ɗauka sai da ido. Makasudin wannan ɗan rubutu nawa shi ne in ba 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu tarihin wata dabara wadda ta rushe wannan zato, watau manhajar nan da ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta da murya, don wanda ba ya gani ya ji da kunnensa.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne ina da yaya wadda ciwon ƙyanda ya tafi da idanunta tun tana 'yar shekara 6. Dangi da yawa sun ba Baba shawara ya bar ta a gida, shi kuwa ya ƙi, ya kai ta makarantar makafi. Can ta koyi rubutun nan na ɗigo-ɗigo da ake shafawa da yatsa, wanda wani yaro Bafaranshe mai suna Louis Braille ya ƙago a shekarar 1824, yana ɗan shekara 15, shi ma kuwa makaho ne. Da ɗigo 6 kacal ake tsara kowane harafi. Wannan rubutu ya yi wa makafi rana ƙwarai, amma yana da iyaka, don kuwa sai abin da aka buga da shi kaɗai za a iya karantawa. Wasiƙa, da jarida, da takardar asibiti, da sakamakon jarrabawa, duk da tawada suke zuwa. Saboda haka duk hutu ni ne idon Yaya. Na karanta mata littattafai, na kuma karanta mata saƙonnin da bai kamata ƙane ya gani ba. Wanda duk ya karanta maka wasiƙa, ai ya riga ka sanin asirinka.

Irin wannan damuwa ce ta sa masana a ƙasar Amurka suka dukufa neman hanyar da inji zai yi wa makaho karatu. A cikin watan Janairu na 1976 wani injiniya mai suna Ray Kurzweil ya nuna wa duniya wata na'ura wadda ake kifa mata littafi, ta duba haruffan, ta karanta su da murya. Shahararren mawaƙin nan makaho, Stevie Wonder, yana cikin waɗanda suka fara mallakarta. Amma na'urar ƙatuwa ce, kuɗinta kuma wajen dala 50,000, don haka yawanci sai a ɗakunan karatu da manyan makarantu ake samunta. Har wa yau kuma takarda take karantawa, alhali a lokacin ayyukan ofis sun fara tashi daga takarda suna komawa cikin kwamfuta. Makahon da ke son aikin ofis dole ya san abin da ke fuskar kwamfutar.

A kamfanin IBM akwai wasu masana lissafi biyu, Jim Thatcher da Jesse Wright. Shi Wright makaho ne, kuma shi ne malamin Thatcher tun suna jami'ar Michigan. Ɗalibi da malaminsa suka haɗa kai don su sa ƙaramar kwamfutar kamfanin ta yi magana. A shekarar 1986 aikin nasu ya fito da sunan IBM Screen Reader, watau mai karanta fuskar kwamfuta. Sunan nan kuwa ya bi duk ire-irensa har yau, kamar dai yadda mu a nan kowane garin sabulu mukan ce da shi Omo. Manhajar tana da wani ɗan akwatin maɓallai nata na dabam wanda ake ajiyewa gefe. Da shi mutum zai ce a karanta masa layin sama, ko kalmar da ta wuce, ko a faɗa masa haruffan kalma ɗaya bayan ɗaya.

Mai karatu zai so ya san yadda abin ke aiki. To, kwamfutocin wancan zamani da wani tsari suke tafiya mai suna DOS, wanda rubutu zalla yake nunawa. Fuskar kwamfutar tana da layi 25, kowane layi yana ɗaukar harafi 80, watau gurbi 2,000 ke nan gaba ɗaya. Kowane gurbi yana da mazauninsa a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar yadda kowane ɗalibi ke da gadonsa a ɗakin kwana. In firifet na son sanin wanda ke gado na 7, ba sai ya kunna fitila ba, rajista zai duba. Haka ita ma manhajar take yi, ta leƙa ƙwaƙwalwar, ta kwaso haruffan, ta miƙa su ga wani inji mai ƙaga murya, shi kuma ya furta. Muryar a lokacin ba ta da daɗin ji, kamar mai magana ta hanci, amma makafi suka saba da ita, har suka riƙa ƙara mata sauri fiye da yadda mai ido zai iya ganewa.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babban abin da ya burge ni cikin wannan tarihi shi ne makafin da kansu ne suka yi mafi yawan aikin. Akwai wani Ba'amurke mai suna Ted Henter, gwanin tseren babur ne, wanda ya yi hatsarin mota a Ingila a 1978, ya rasa idanunsa duka biyu. Tsere ya ƙare ke nan, sai ya koma ya koyi tsara manhajar kwamfuta. A 1987 shi da wani makaho ɗan'uwansa, Bill Joyce, suka kafa kamfani a jihar Florida, a 1989 kuma suka fitar da manhajarsu mai suna JAWS. Sunan taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Turanci masu ma'anar samun aikin yi ta hanyar murya. Daga sunan ma an san abin da ke ransu, watau makaho ya ci guminsa kamar kowa.

Ana cikin haka sai wata sabuwar matsala ta kunno kai. Kamfanin Apple ya fito da kwamfutar Macintosh a 1984, daga baya kuma tsarin Windows na kamfanin Microsoft ya game ofisoshi, musamman daga 1990. Waɗannan da hotuna suke aiki, mutum ya riƙe ɗan abin nan da ake kira ɓera, ya nuna hoton da yake so, ya danna. Ga masu ido wannan sauƙi ne ya samu. Ga makafi kuwa tashin hankali ne, domin yanzu babu layi 25 da gurbi 2,000. Har haruffan ma zana su kwamfutar ke yi da ƙananan ɗigo, ba ta ajiye su a inda manhajar ta saba samunsu. Makafin da suka sha wahala suka sami aiki sai suka ga aikin na neman suɓuce musu, don kawai ofis ya sake tsarin kwamfuta.

Dabarar da aka yi kuwa mai ban sha'awa ce. Aka sa manhajar ta tsaya a hanya, kamar akawun da ke zaune bakin ƙofar sito. Duk lokacin da aka umarci kwamfuta ta zana wata kalma ko wani hoto, kafin a zana sai ita manhajar ta rubuta a nata littafin cewa abu kaza ya shiga, an ajiye shi wuri kaza. Daga wannan littafi take yi wa makaho karatu. Kamfanin Berkeley Systems ne ya fara cin nasara a 1989 da manhajar outSPOKEN ta Macintosh. A 1992 wani kamfani na ƙasar Kanada ya fitar da Window Bridge don Windows, sa'an nan JAWS ta Windows ta biyo baya a 1995. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Saura matsala guda, ita ce ta kuɗi. A lokacin manhaja irin JAWS takan kai wajen dala 1,000, ban da kuɗin kwamfutar kanta, wannan kuwa ya fi ƙarfin talaka ko a ƙasashen Turai, balle a nan. A 2006 wani saurayi makaho ɗan ƙasar Ostareliya, Michael Curran, ya fara tsara wata manhaja mai suna NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa. Suka ce kyauta ce ga kowa, an kuma fassara ta cikin harsuna fiye da 50. A 2009 kuma aka sa masu karatu da murya a cikin wayoyin hannu, VoiceOver a wayar iPhone, TalkBack kuma a wayoyin Android.

Ita NVDA ɗin ce ta iso gidanmu, a cikin wata tsohuwar kwamfuta da kawunmu ya ba Yaya lokacin da ta shiga kwalejin horon malamai. Da ita take rubuta aikin da malamai suka ba ta, ta karanta abinta, ta gyara. Da na je hutun da ya wuce na ce ta kawo wayarta in duba mata saƙonni kamar yadda aka saba, sai ta yi dariya ta ce, "Auta, ai an sallame ka daga wannan aiki, asirina ya rufu." Kukanta guda ne, muryar da ke cikin wayarta da bakin Turawa take karanta Hausa, har wani lokaci sai ta sa an maimaita mata kalma sau biyu ko uku kafin ta gane. Wannan yoyon namu ne, ba kuwa wanda zai zo daga Florida ya toshe mana shi. Ni dai na ƙudura a raina in mai da hankali ga lissafi da darasin kwamfuta, ko Allah Ya sa ina cikin waɗanda za su gyara wa injin nan bakinsa.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, duk wanda Allah Ya ba ɗa ko 'ya marar gani, kada ya miƙa masa ƙoƙo, ya kai shi makaranta. Wanda ya ƙago rubutun makafi yaro ne wanda bai kai shekaruna ba, waɗanda suka sa kwamfuta magana kuma da yawansu ba su taɓa ganin fuskarta ba. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ranar da aka shiga ɗakin kwamfuta, ku roƙi malam ya kunna muku mai karatu da murya, ku rufe idanunku na minti 5, ku gwada rubuta sunanku da na garinku. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.